Tashoshin famfo uku ta burauza: wa ke ba famfo umarni, saba ko PLC?

mai_famfo

Assalamu alaikum injiniyoyi. Tashoshin famfon ruwa uku ne, kowacce da PLC ɗinta (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injuna), ƙirar S7-1200, duk suna cika babban tanki ɗaya. Akwai nisa tsakaninsu, 4G kaɗai ke haɗa su. Ana so a riƙa ganin komai ta burauza, a kuma iya kunna famfo daga ofis. Sabar (kwamfutar da ke riƙe da shafin da ake gani ta burauza) ce za ta riƙa duba cikar tanki tana ba famfuna umarni, ko yaya ake tsara abin?

dan_kwamfaresa

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗora wa saba wannan aikin. PLC tana zagaya shirinta cikin 'yan milisakan, kullum a kan lokaci. Saƙon 4G kuwa wani lokaci ya iso nan take, wani lokaci sai bayan daƙiƙu, wani lokacin ma ya ƙi zuwa. Kunnawa da kashewa, da hana famfo gudu ba ruwa, su zauna cikin PLC ta kowace tasha. Maɓallin tsayarwar gaggawa kuma waya ce kai tsaye. Burauza aikinta nuna bayanai da sauya iyaka, misali a kunna a kashi 40, a kashe a kashi 90.

Matsalarka ta gaske ita ce awon tanki dole ya bi intanet kafin ya kai tashoshin. To ka sa ƙaramar PLC a tankin, tana aika awon tare da lambar da ke ƙaruwa kowace daƙiƙa biyar. Idan tasha ta ga lambar ta tsaya har daƙiƙa 30, ta ɗauka layi ya yanke, ta kashe famfo. In ba haka ba, za ta yi ta aiki da tsohon awo har tanki ya yi ambaliya.

injiniya_mqtt

Haka ne. Ni maganar haɗin zan ƙara. Yawancin layukan 4G ba sa ba ka adireshin IP na fili, don haka saba ba za ta iya kiran tasha ba. Tashar ce za ta kira waje, da MQTT, tsarin aika gajerun saƙonni tsakanin na'urori, ta ƙofa (port) 8883 mai TLS, wato mai ɓoye saƙo. Sa ƙaramar kwamfutar masana'anta a kowace tasha, ta karanta PLC ta OPC UA, tsarin musayar bayanai da injunan masana'anta, ƙofa 4840. S7-1200 na da shi daga famwaya (manhajar cikin na'urar) 4.4. In da Modbus TCP, wani tsarin na daban, za ka karanta, ƙofa 502 ce, kuma ba ta tambayar kalmar sirri sam, duk wanda ya iso gare ta zai iya rubuta abin da ya ga dama. Kada ta taɓa leƙa intanet.

Abu biyu ke yawan cin mutane. Kada ka sa "retain", alamar MQTT da ke sa a ajiye saƙo a miƙa wa duk wanda ya haɗu daga baya, a saƙon umarni, domin tasha na dawowa kan layi za ta karɓi tsohon "kunna" na jiya ta aiwatar. Sannan ka saita saƙon wasiyya, LWT, wanda ake aikawa a madadin tasha in layinta ya yanke, don shafin ya nuna tasha ta ɓace maimakon ya daskare da tsofaffin lambobi.

mai_famfo

Na gode ƙwarai. To idan an danna "kunna" a ofis alhali makaniki na cikin gyaran famfon fa?

dan_kwamfaresa

Nan ne makunnin "gida/nesa" a jikin fanel ke da amfani. In yana kan "gida", PLC ta yi watsi da duk umarnin ofis, shafin kuma ya nuna hakan. Amma wannan ba ya wadatar da mai gyara, sai ya sauke babban makunnin wuta ya sa masa kwaɗo, mabuɗin na aljihunsa. Kuma kada hoton famfo ya koma kore don kawai an danna. Ya jira amsa daga ƙaramin haɗin kwantakta (makunnin da ke ba famfo wuta), ko daga awon wutar da injin famfon ke ja. In daƙiƙa goma ta wuce ba amsa, ya nuna matsala.