Wai kaset ya fi memori riƙe muryar mawaƙan dā?

Zauren masoya tsoffin waƙoƙi, Yamai

Alhaji Mamman: Assalamu alaikum. Magana ɗaya na kawo, na san za ta ta da ƙura. Waƙar da aka juye daga kaset zuwa memori ta mutu. Ku saurari gurmi da kalangu a kaset, ku dawo ku saurare su a waya: amon ya gudu, sai ƙarau-ƙarau kamar ana kaɗa gwangwani. Kaset ya fi, ba ja.

Isufu mai gyara, Katako: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kunnenka bai yi ƙarya ba, amma ba memori ne mai laifi ba. Galibin abin da ke yawo, waya aka kara a bakin lasifika aka ɗauka, har da kukan fanka da babur, sannan aka tura ta WhatsApp a saƙon murya, wanda don magana aka yi shi, yana matse sauti. Lasifikar waya kuma ba ta fi ƙwayar wake ba, ta ina amon ganga zai fito?

Hajiya Zali: A lissafi ma kaset bai kama ƙafar CD ba, juyi mai kyau zuwa memori kuwa ingancin CD yake bayarwa. Faɗin zaren milimita 3.81, an raba shi layi huɗu, yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. Tsakanin sauti mafi ƙarfi da shuuu ɗin zare desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 50 zuwa 60 ne, CD kuwa 96. Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, ingancinsa bai wuce na ɗaukar magana ba.

Alhaji Mamman: Hajiya, lissafi daban, kunne daban.

Malam Abdu Ba'adare: Ku dakata, Alhaji na da gaskiya wuri guda. In anka ɗauki kiɗi da ƙarfi, zare na tausasa kaifin bugu sannu-sannu, shi ya sa kalangu ke zaunawa a kunne. Kwamfuta ko, in sauti ya wuce sifili, wato iyakar ma'auninta, sai ta datse shi, ka ji ƙyar-ƙyar.

Isufu mai gyara: Haka ne, Malam, amma taushin nan ya riga ya zauna a jikin zare, juyi mai kyau zai kwaso shi duka. A fara da rediyon. A jiƙa auduga da alkol na 90 na farmasi, a goge kan da ke karanta zare, da ƴar sandar ƙarfe mai juyawa, da tayar robar da ke danne ta, har auduga ta daina fitowa ja. Tayar nan in ta yi santsi ko ta kama datti, ita ke sa rediyo ta tauna kaset. A duba ɗan soson da ke bayan zare a bakin kaset: in ya faɗi, murya za ta dushe. Kaset mai sukuru biyar sai a kwance shi, a mai da zaren cikin wani gida mai lafiya. Kafin a kunna, a tura zaren har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya don ya saki. Igiyar sauti mai bakin 3.5 ta fita daga rediyo ta shiga kwamfuta, a ɗauka da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, a fayil ɗin WAV da ba ya matse sauti, a saita 44,100 da bit 16 irin na CD, allurar ƙarfin sauti kada ta wuce -6. Minti ɗaya kusan mega 10 ne, C90 guda, wato kaset mai minti 90, zai ci wajen mega 900.

Malam Abdu Ba'adare: Ka mance babba, ƙanena. Akwai ƙaramin sukuru gefen kan karatun. Kowane kaset da daidaiton injin da ya ɗauke shi. Ana sauraro ana murɗa shi kaɗan-kaɗan har shantu da tafi su fito garau. Rabin waƙoƙin da anka ce sun mutu, sukurun ga ne.

Nafi'u: Iyayena, ƴar na'urar juye kaset ɗin nan mai USB da ake sayarwa da arha fa?

Isufu mai gyara: Injinta ba ya riƙe gudu ɗaya, goge zai riƙa rawar ɗari. Gara tsohuwar rediyo a sake mata robar inji. Kuma a sa ta a wuta, ba batir ba. Kaset ɗin da aka ɗauka a wurin biki da batir mai rauni, in an kunna shi daidai sai ya yi sauri, murya ta sirance. Bambancin kashi 6 cikin 100 ya isa kunne ya kama, a kwamfuta ake rage gudun.

Hajiya Zali: Ni abin da ke damuna, Alhaji, kaset ɗin da kake yabo ba zai jira ka ba. Zafin Afrilu a ɗaki mai kwano yana lanƙwasa gidan, ƙurar hunturu tana gurje zare. Zaren C120 ya fi na C60 da C90 siranta, shi ke fara tsinkewa. Wanda ya daɗe a naɗe kuma sautin wani zagaye kan shiga na kusa da shi, ka ji amshi ya riga mawaƙi fitowa a hankali. A ɓalle ƴan haƙoran nan biyu na sama tun yau, kada jika ya danna jan maɓalli ya shafe. Bayan an juya kuma a cire shuuu ɗin.

Malam Abdu Ba'adare: A'a Hajiya, nan mun rabu. Mai cire shuuu bai san bambancin shuuu da amon goge ba, tare yake kwashe su, waƙa ta koma kamar daga cikin randa. A aje WAV na asali ba a taɓa ba, wuri biyu. Wanda za a tura wa jama'a shi za a yi MP3 na 192 ko 320, a aika shi a matsayin fayil.

Hajiya Zali: Kaɗan za a rage, Malam, desibel 6 bai kashe goge ba.

Alhaji Mamman: To Isufu, ga gwaji. Kaset guda, lasifika guda, a ɗaure mini ido a kunna biyun. In na kasa rarrabewa, shayin zaure na wata guda a kaina.

Isufu mai gyara: Na yarda, Alhaji, da sharaɗin a daidaita ƙarfin biyun tukuna, don wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke zaɓa. A kawo C60 wanda bai taɓa shiga bakin rediyo mai tauna ba.