Sun ce in sa hannu ba ruwansu in wani abu ya sami yarona

Maman Abba: Salamu alaikum 'yan uwa, a ba ni shawara don Allah. Yarona shekararsa 11, lakwal ɗinsu za su kai su Gidimuni, can hanyar Gure, kwana uku. Tun da babansa ya tafi Agadas aiki ni ke komai, abincinsa, kuɗin lakwal, har da jarkokin ruwa da nake saye kullum a Garin Malam. Kakarsa kuma kullum cewa take na shagwaɓa shi. Ana haka ya kawo wata takarda da Faransanci, maƙwabciyata ta karanta mini, wai desharji ce: duk abin da ya same shi a hanya ko a can, ba ruwansu. Na riga na biya jikka goma. Alhamis za a karɓi takardar, yaron har ya wanke takalmansa ya jera bakin ƙofa. Babansa wayarsa ba ta shiga.

Hajiya ta Birni: Kada ki sa, 'yata. Gidimuni wajen tafki ne, kuma da damina? Ga sauro ga ruwa. Mutumin da ya wanke hannunsa tun kafin a tashi, me kike jira gare shi?

Baban Halifa: Hajiya, ba haka abin yake ba. Na daɗe ina shiga irin wannan magana. Dokarmu ta farar hula daga ta Faransa aka gado ta, aya ta 1382 ta ce wanda ya jawo wa wani cuta da laifinsa sai ya biya. In suka bar yara bakin ruwa ba mai duba su, ko direba ya yi ganganci, wannan takarda ba ta fid da su. Maman Abba, tambaye su: akwai asiransi, wato inshorar da za ta biya in wani abu ya faru? Manya nawa ne ke tafiya, yara nawa? Wace mota?

Maman 'Yan Biyu: Mu bara kuɗin rigar wasanni aka karɓa, har aka yi hutu ba riga ba kuɗi. Da na yi magana sai na zama mai fitina.

Maman Abba: Ai ba zan je ina yi wa malaminsa tambayoyi kamar jandarma ba. Mutumin kirki ne, shekara biyu yana koyar da Abba. Kuma da na biya kuɗin ba a ce akwai takarda ba.

Baban Halifa: Kirki daban, asiransi daban. In ma za ki sa, rubuta da biro a ƙasa cewa izinin tafiya kaɗai kika ba da, ki ɗauki hoton takardar a waya.

Hajiya ta Birni: Hoto zai fid da yaro daga ruwa? Kuma ki sa hannu ubansa bai sani ba, gobe dangin miji a kanki za su sauke.

Maman Abba: Hajiya, da sai na jira shi a komai, da yaron bai ma shiga lakwal ba. Ni dai kuɗina nake tunani, in na fasa ana mayarwa?

Baban Halifa: Kin karɓi rasit?