Kyamarar filin jirgi tana kama masu binciken kaya kuwa in sun yi sata?

Maman Sadiq: Salam 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Hajiyarmu ce za ta Amurka wajen yayana, tafiyarta ta farko kenan kuma ita kaɗai. Jiya na ga bidiyon nan na filin jirgin Miami, ma'aikacin TSA, hukumar da ke binciken fasinjoji a filayen jirgin Amurka, ya zura hannu a jakar fasinja tana kan tire kafin ta shiga na'ura, ya zaro abu ya cusa aljihu, wallahi ban yi barcin kirki ba. Ita ga ta da lulluɓi, in aka ja ta gefe ana laluba ta wa zai kula da jakarta? Kyamarorin nan suna aiki kuwa?

Baban Hanif: Wa'alaikis salam Maman Sadiq. Suna aiki kam, ai wannan na Miami ɗin 2023 ne kuma da bidiyon aka kama su, har dala 600 aka ce sun zare daga walat ɗin wani. A filin jirgin Manila na ƙasar Philippines ma cikin shekarar kyamara ta nuna wata ma'aikaciya tana tura dala 300 a baki tana korawa da ruwa, amma ki lura sai da mai kuɗin ya yi ƙorafi aka koma kan bidiyon.

Abu Khalil: Nan ne gizo ke saƙar ai. Ku tuna filin jirgin Denver na Amurka a 2015, ma'aikaci ya haɗa baki da abokiyar aikinsa, in ya ga namijin da ya yi masa sai ya yi mata alama ta danna "mace" a na'ura, na'ura ta nuna akwai abu a gaban fasinjan, shi kuma ya samu damar shafa shi. Wani ma'aikaci ne ya tsegunta, sai bayan wata kusan uku mai bincike ya zo ya gani da idonsa. Bidiyo na nan, an kore su, amma ba a kai su kotu ba a lokacin don ba a san wane fasinja ba ne, ya hau jirgi ya tafi abinsa. Abin nan yana ci min rai har yau.

Anti Larai: 'Yata ki ce wa Hajiya kuɗi da fasfo su shiga can ƙasan jaka a zuge zif, kar ta zuba su a tire tsirara. In za a laluba ta mace ce za ta yi, kuma tana iya cewa a kai ta ɗaki a taho mata da kayanta. Ta ƙirga kuɗinta nan take kafin ta bar wurin, in da matsala ta nemi shugabansu ta riƙe lokaci da layin da ta bi.

Maman Sadiq: Na gode Anti, Allah ya saka. Turancin ne ba ta ji, zan sa yaya ya rubuta mata a takarda ta riƙe.