Ta yaya ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ke karya farashin magani?

Ɗalibi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana cewa wasu ƙungiyoyi na haɗa kai da kamfanoni don maganin jenerik, wato irin na asali da wani kamfani daban ke yi, ya yi araha. Cikon kuɗi suke yi ne, ko yaya abin yake?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Galibi maganar lasisi ce. Sabon magani yana da kariyar mallaka ta shekara 20, ba mai ikon yin irinsa. Ƙungiyar Medicines Patent Pool, wadda Unitaid mai tallafa wa harkar lafiya a duniya ta kafa a 2010, takan karɓo izini daga mai maganin ta raba wa masana'antu da dama, yawancinsu na Indiya. Haka aka yi da dolutegravir, maganin ƙanjamau na kamfanin ViiV, a 2014. Sai kowace masana'anta ta gwada nata a jikin mutane, ta nuna yana shiga jini kamar na asali, tsakanin kashi 80 zuwa 125 cikin ɗari, kafin a tantance ingancinsa.

Hajiya Binta: Malam, ka bar rabin zancen. Lasisi shi kaɗai ba ya sauke farashi, don ba mai zuba jari a injina bai san wa zai saya ba. A 2017 gidauniyar Gates ta lamunce wa kamfanonin Mylan da Aurobindo cewa za a sayi adadi kaza duk shekara, in an gaza ta cike giɓin. Da haka haɗin TLD na masu ƙanjamau (magunguna uku a ƙwaya ɗaya, ciki har da dolutegravir) ya fito a kan dala 75 a shekara ga mutum ɗaya. Da masu yi suka ƙaru, a 2023 Global Fund, asusun yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, ta same shi a ƙasa da dala 45. Inda ake tuntuɓe kuwa, lasisin yakan tsallake ƙasashe masu matsakaicin arziki, rajista a kowace ƙasa tana cin lokaci, kuma in masana'antu biyar suna sayen ainihin sinadarin maganin daga wuri ɗaya, ranar da ya tsaya duk sun tsaya.

Malam Auwal: Akwai kuma akasin haka, Hajiya. Tsofaffin allurai da kariyarsu ta ƙare sukan yi ƙaranci saboda ribar ta yi kaɗan, masu yi sun janye. Shi ya sa asibitocin Amurka suka kafa Civica Rx, kamfanin magani da ba na neman riba ba, a 2018: kwangilar shekaru, farashi ɗaya ga babban asibiti da ƙarami, da ajiyar kaya ta watanni. Da allurar vancomycin mai kashe ƙwayoyin cuta suka fara a 2019.