Yaushe ake sallamar wanda aka yanke wa shekara uku?

Uwargida daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. An yanke wa ƙanena ɗaurin shekara uku ba tare da zaɓin tara ba, bayan ya yi wata bakwai a tsare yana jiran shari'a a nan Zariya. Mahaifiyarmu kullum lissafi take yi da yatsu, wasu suna ce mata shekarar gidan yari wata takwas ce, wasu kuma suna cewa sai ya cika ukun cur. Akwai ma wani mutum da ya tare mu a bakin titi ranar ziyara, muna riƙe da kular abinci, ya ce idan muka kawo wani abu zai sa sunansa cikin waɗanda gwamna zai yi wa afuwa. Don Allah masana su warware mana.

Tsohon gandiroba daga Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba ku haƙuri. Maganar wata takwas tana da tushe, domin doka ta yarda a rage wa fursuna kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa idan ya nuna halin kirki, saboda haka shekara uku takan koma biyu. Amma wannan ragi ba ƙarfe ba ne: wanda ya yi faɗa, ko aka kama shi da waya ko ƙwaya, ana iya zaftare masa kwanaki daga ciki, kuma na ga samari da yawa da suka ja wa kansu ƙarin zama saboda zuciya. Tun ranar da aka shigo da mutum, ofishin ajiye bayanai yake lissafa masa rana biyu, ta kusa idan ya samu ragin, da ta nesa idan ya rasa shi, kuma shi kansa yana da damar tambaya. Ranar fita ana kiransa da safe, a duba takardunsa, a mayar masa da tufafi da kuɗin da aka karɓa a hannunsa, sannan a buɗe ƙofa. Shi kuwa mutumin bakin titi, kada ki ba shi ko sisi.

Lauya daga Samaru:
Baba ya yi bayani mai kyau, sai dai in ƙara game da wata bakwai ɗin, domin a nan mutane suka fi ruɗewa. Abin da alƙali ya rubuta shi ne abin bi. Idan ya ce hukuncin ya fara daga ranar da aka fara tsare shi, to idan ya samu ragin, saura wata 17 daga ranar yanke hukunci. Idan kuwa daga ranar hukuncin ne, sai a lissafa wata 24. Ki nemi kwafin hukuncin daga rajistaran kotun, Hajiya, ki kuma duba ko an ɗora masa biyan diyya, domin wannan ma yakan tsayar da mutum.

Afuwa kuwa sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ne ya ba gwamna ikonta kan laifukan da suka shafi dokar jiha, bayan ya ji shawarar kwamitin afuwa, kamar yadda sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa kan na tarayya. An fi yinta a ranaku irin su 1 ga Oktoba da sabuwar shekara, kuma galibi tsofaffi, marasa lafiya da waɗanda wa'adinsu ya kusa ƙarewa ake dubawa, kamar yadda aka yi a Afrilun 2020 lokacin korona, da aka saki fursunoni 2,600. Ziyarar da babban jojin jiha yake kaiwa gidan yari don sakin wasu ba za ta amfane shi ba, domin ta masu jiran shari'a ce da suka daɗe a tsare. Dokar 2019, wadda ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali, ta tanadi sakin mutum bisa sharaɗi kafin cikar wa'adi, amma a ganina aiki da ita bai kankama yadda za a dogara da shi ba.

Uwargida daga Tudun Wada:
Na gode, Baba, na gode Barista, Allah ya saka da alheri. Gobe Litinin zan je kotu neman kwafin, kuma idan na kai masa ziyara zan faɗa masa maganar waya, domin na san halinsa.