Me za mu kira lncRNA da Hausa?

Ɗaliba, Jidda: Assalamu alaikum. An ɗora mini yi wa iyayenmu mata na Makka bayanin gadon halitta da sankara, na cije a kan lncRNA, wani nau'in RNA, wato kwafin da jiki ke ɗauka daga DNA, kundin gadon halitta. Larabawa suna cewa "gairu mushaffir". Da Hausa fa? "RNA marar lamba" bai zauna mini ba.

Ɗalibi, Madina: Wa alaikumus salam. Ki ce shara kawai, tunda ba ya ba da furotin.

Malami, Makka: A'a, ɗana, an daɗe da barin wannan magana. Abin da ke ɗauke da tsarin furotin a DNA ɗin ɗan Adam bai kai kashi 2 cikin 100 ba, amma ana kwafar da yawa daga sauran zuwa RNA. Wanda tsawonsa ya haura haruffa 200, kuma ba a karanta shi a haɗa furotin, shi ne abin da take tambaya. Ka ɗauki XIST, da aka gano a 1991. Mace tana da ƙunshin DNA da ake kira X guda biyu, XIST ne yake lulluɓe ɗaya ya rufe masa baki. Wannan za ka kira shara?

Batun sankara kuwa, yawancin bambance-bambancen gado da bincike ya danganta da cututtuka suna waje da wuraren furotin ne. Akwai yankin DNA da ake kira 8q24, inda sauyin harafi ɗaya ke ƙara haɗarin sankarar hanji ko ta furostet, gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara, kuma irin waɗannan RNA suna nan, kamar CCAT2. Wasu sauye-sauyen wurin sun fi yawa a mazan da asalinsu Afirka ne, abin ya shafe mu kai tsaye. 'Yata, ki jaddada musu cewa ƙarin haɗari ne, ba hukunci ba. Da yawa suna ɗauke da sauyin har su tsufa lafiya.

Ni "dogari" nake ce wa ɗalibaina. Ba ya girki a fada, amma shi ke cewa wa zai shiga, wa zai tsaya a zaure.

Ɗaliba, Jidda: Malam, ya yi daɗin ji, sai dai ba duka aka san aikinsu ba. Dubbai ne, kaɗan aka bincika sosai. Idan muka ce dogari, mun ba kowa muƙami ke nan.

Ɗalibi, Madina: Gaskiyarki, Yaya. Tunda RNA ɗin da ke kai tsarin furotin "RNA ɗan saƙo" muke ce masa, wannan ya zama "dogon RNA marar saƙon furotin".

Malami, Makka: Ya yi tsawo, amma babu ƙarya a ciki. A rubuce mu riƙe shi. Dogari kuma a bar wa waɗanda aka tabbatar suna tsare ƙofa, irin XIST da HOTAIR, wanda aka danganta yawansa da yaɗuwar sankarar mama.

Ɗaliba, Jidda: Na ɗauka, Allah ya saka. Saura furostet: mutane suna cewa mafitsara, alhali gaɓoɓi biyu ne daban. Wa ke da kalma?