An sake rufe makarantu: yaya kuka yi da yara a gida a wancan karon?

Maman Ihsan, Rikkos

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Tun da gwamnatin Filato ta ba da umarnin rufe makarantun firamare da ƙananan sakandare a wannan wata na Nuwamba 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja, yarana uku suna gida. Ban ga laifin rufewar ba, rai ya fi karatu. Amma hankalina bai kwanta ba. Ihsan tana aji huɗu, ƙanenta yana aji biyu kuma yanzu ne bakinsa ya fara kama karatu, autar kuwa ba ta san komai ba sai yaga littafi. Ni ɗinki nake yi a gida, babansu tun asuba yake fita. Lokacin korona ba ni da ɗan makaranta, don haka wannan ne karona na farko. Waɗanda kuka ga na 2020, don Allah ku faɗa mini abin da kuka yi da hannunku, wanda ya yi amfani da wanda bai yi ba.

Malama Maman Abba, Angwan Rogo

Wa alaikumus salam Maman Ihsan. Ni malamar firamare ce a makarantar kuɗi, aji uku nake riƙewa. A 2020 an sallame mu a ƙarshen Maris, ba mu sake haɗa ido da yaranmu ba sai wajen Oktoba. Ranar da suka dawo na rubuta jimla mai sauƙi a allo, irin wadda suke karantawa da gudu kafin a tafi, sai aji ya yi tsit. Yaran da na sallama suna haɗa baƙi sun dawo suna kallon bakina su ji abin da zan ce su maimaita.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda ba su zube ba. Na ɗauka 'ya'yan masu babbar waya ne za su dawo da kaifinsu, sai na tarar ba haka ba. Akwai wata yarinya, babanta gyaran Keke yake yi, ta zo da littafinta duk ya sha manja, shafi bayan shafi cike da rubutu. Na tambaye ta wa ya ba ta aiki. Ta ce mamarta ce ke ajiye mata kwalin shayi, ledar omo, takardar da ke cikin kwalin magani, ta ce ta kwafe abin da ke jiki, da yamma ta karanta wa babanta da ƙarfi. Uwar ba ta wuce firamare ba. Yarinyar nan ita ta ɗauki na ɗaya a zangon.

Don haka ga abin da zan ce miki. Kada ki shiga sabon darasi, wannan aikinmu ne idan an dawo. Ki ɗauko littattafan wannan zangon su bi abin da aka riga aka yi. Lokaci ɗaya kullum, bayan karin kumallo kafin ki hau keken ɗinki, a tabarma ɗaya. Rabin awa ya isa. Na aji biyun ya riƙa karanta miki da ƙarfi yana bin layi da yatsa, ko kina yankan yadi kunnenki na kansa. Idan ya tsaya a kalma kada ki yi saurin faɗa masa, ki bar shi ya yi kokawa da ita tukuna. Lissafi kuwa wake da murafen lemo sun ishe ku.

Alhaji Baban Sadiq, Farin Gada

Malama ta yi gaskiya, amma bari in kawo ta ɓangarenmu na kasuwa. Ni kayan gwari nake sayarwa. Lokacin kulle, a ranakun da ake buɗewa a fita sayayya, da yawanmu mun riƙa zuwa da yaranmu maza su tsare rumfa. Amfaninsa a fili yake. Sadiq ya iya lissafin kwandon tumatir, kuɗin mota, kuɗin dako, ladan dillali, ya cire ya faɗa maka ribarka da ka, ba biro ba takarda. Har yau malaminsa na lissafi yana yaba masa.

Sai dai na ga ɗaya fuskar ma da idona. Akwai yaran da suka fara dako da turin baro a watannin nan, suka ɗanɗana kuɗin kansu, da aka buɗe makaranta ko da bulala suka ƙi komawa. Wasunsu suna nan kasuwar yanzu sun zama samari, ba su iya karanta rasit ba. Ni abin da ya cece ni, ban taɓa ba Sadiq lada a hannu ba, kuma da azahar nake kora shi gida ya buɗe littafi. Wanda zai kai ɗansa kasuwa ya kai shi ya koya, kada ya kai shi ya nema.

Maman Ihsan, Rikkos

Na gode Malama, na gode Alhaji. Maganar nan ta taɓa ni, don jiya wata maƙwabciya ta ce tunda Ihsan na zaune in ɗora mata tallan awara. Na ce a'a, amma ban ji daɗin yadda muka rabu ba, ita ma ba don mugunta ta faɗa ba, nata biyun duk suna fita.

Maman Dauda, Tudun Wada

'Yar uwa, ki tsaya kan a'arki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a watannin da aka buɗe bayan kulle mun ga 'yan mata ƙanana da aka kawo mana da abin da ba zan rubuta a nan ba. Yawancinsu a yawon talla ko aike abin ya same su, kuma sau da yawa wanda aka sani ne. Makaranta ba karatu kawai take ba yaro ba, tana tsare shi daga safe zuwa rana. Idan aka rufe ta, wannan tsaron ya dawo wuyanmu.

Amma abin da ya kawo ni shi ne tsoro. Kowa na maganar littafi, ba a maganar abin da yara ke ji. A Agusta 2021, bayan harin da aka kai wa matafiya a hanyar Rukuba, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa. Dauda yana da shekara bakwai. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya shige bayana. Sai da na zauna da shi na gane duk hirar da manya ke yi a tsakar gida, da bidiyon da ake kunnawa a waya ana miƙa wa juna, yana kwashewa. Mu muna ganin wasa yake yi.

Yanzu ma haka ne. Yaranku sun ji an ce an kwashe ɗalibai daga makaranta. Kada ku ce musu ba komai, sun san akwai. Ku faɗa musu a taƙaice: miyagun mutane sun yi ɓarna a wani gari mai nisa, an rufe makaranta ne don a tsare ku, kuma muna tare da ku. Sannan ku bar su su yi tambaya. Bidiyon gawa da na kuka kuwa, don girman Allah a daina kunna shi a gabansu. Mu a gidanmu addu'ar dare tare da waƙa ɗaya kafin barci ta taimaka ƙwarai, ku ma kuna da naku azkar ɗin. Yaron da ke cikin firgici ko ka kwana kana koya masa ba abin da zai zauna.

Ke ma uwa ki duba kanki. Idan kin ji hannunki ya fara saurin kai duka, gajiya ce da damuwa, ki miƙa su ga wata 'yar uwa na awa ɗaya ki huta.

Hajiya Inna, Gangare

Jikata ce ke rubuta mini, ni ban yi boko ba. Ku gaishe da Maman Dauda, ta faɗi magana. A shekarar cutar nan jikoki shida aka tara mini, ga azumi ya shigo a cikin kullen, Islamiyya ma a rufe. Na ce to, abin da na iya shi zan ba su. Da safe kowa ya ɗauko allonsa ya biya, wanda ya haddace ya wanke, babban cikinsu ya rubuta masa na gaba. Na boko kuwa sai in ce su karanta mini su fassara da Hausa. Ko ban san Turanci ba, ina gane wanda ya fahimta da wanda ke ruɗa ni, don wanda bai gane ba idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da dare in yi musu tatsuniya, gobe in ce wani ya maimaita, in ya tsallake wuri sauran su kama shi. Har kacici-kacici muka ƙare. 'Yata, kada uwa ta ce ita jahila ce ba ta da abin yi. Zaman da za ki yi kusa da shi yana karatu, shi ma aiki ne.

Mubarak, Nasarawa Gwom

Allah ya ƙara lafiya Inna. Ni a 2020 ina aji biyu a Jami'ar Jos, ga korona ga yajin aikin ASUU da bai ƙare ba sai Disamba, don haka ni aka bar wa ƙannena. Ƙanwata tana ajin ƙarshe a sakandare. An ce su koma ranar 4 ga Agusta, WAEC ta fara ranar 17, wato mako biyu kacal bayan zaman wata huɗu. Makarantarsu ta buɗe zaure a WhatsApp, amma gaskiya bai yi mana aiki ba. Waya ɗaya ce mai kyau a gidan, ta Baba, kuma da ita yake fita. In ya dawo babu caji, in akwai caji babu data, in an samu duka biyun sai ka tarar da saƙo ɗari, rabi gaisuwa ce. Abin da ya yi aiki shi ne tsohon littafin tambayoyin shekarun baya da na saya a kasuwar Terminus. In sa mata agogo, ta amsa, mu duba tare, inda ta faɗi mu koma littafin aji. Ta samu sakamako mai kyau, yanzu tana karatun jinya.

Shawarata ga iyaye, in za ku ba yaro waya don karatu, ku sauke darasin tukuna ku kashe data, ku zauna kusa. In ba haka ba minti biyar ya isa ya koma TikTok. Kuma ku yi amfani da yayyensu, muna nan da yawa a unguwa zaune ba aiki. Sai dai a riƙa yi wa yayan ihsani ko na kati ne, kuma a hana shi duka, don mu matasa ba mu da haƙurin malamai.

Baban Nana, Bukuru

Ni tela ne. Abin da ba a faɗa ba shi ne abinci. Yaro in yana gida cikinsa ba ya rufuwa, abin da ke kai mu wata sai ya ƙare a mako uku, kuma yawancin faɗan da aka yi a gidaje lokacin kulle daga nan ya taso. Mu gida huɗu ne a layinmu muka haɗa kai. Muka sayi masara buhu guda muka raba, ya fi sauƙi a kan awo. Muka kuma ɗauki wani malami da makarantarsu ta daina biya, yana zuwa zauren ɗayanmu da safe, yara tara, kowane gida na ba da abin da ya sawwaƙa duk Juma'a. Allon katako muka shafa wa baƙin fenti. Kuma ina kira ga maza 'yan uwana, kada a bar wa mata wannan kaya su kaɗai. Ko minti goma ne bayan isha'i, ka ce kawo littafinka in gani. Yadda Nana ke rawar jiki in ta san zan duba, uwarta ma ba ta samun haka.

Maman Dauda, Tudun Wada

Baban Nana, tsarin ya yi kyau, amma a wannan karon dalilin rufewar tsaro ne. Tara yara a wuri ɗaya ba zai zama abin da ake gudu ba?

Malama Maman Abba, Angwan Rogo

Tambayar tana kan hanya. Ni ina ganin in yaran layi ɗaya ne, ba su wuce goma ba, a cikin gida ba a bakin titi ba, kuma akwai babba ɗaya daga iyaye zaune, babu laifi. A sanar da mai unguwa. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a kwaso yara daga unguwanni a cika ɗaki, an buɗe makaranta ke nan ta bayan gida. Kuma na ji daɗi da Baban Nana ya tuna da malamai. A 2020 da yawanmu a makarantun kuɗi ba mu ga albashi ba har aka buɗe, wasu abokan aikina sun koma sayar da gwanjo ba su dawo aji ba har yau. Wanda ya san malamin ɗansa ya kira shi ya gaishe shi, ya tambaye shi inda aka tsaya a kowane darasi. Zai faɗa maka shafin da bakinsa.

Maman Ihsan, Rikkos

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira malamar Ihsan ta ba ni shafukan. Na kuma je wajen maƙwabciyar nan mun daidaita: 'ya'yanta za su riƙa zuwa gidana da safe su zauna da nawa, ita kuma ta kawo awarar in ajiye a ƙofa, masu kawo ɗinki suna saye. Babansu ya ce zai karɓi na bayan isha'i. Saura autar, da an shimfiɗa tabarma take hayewa kan littattafan. Malama, yaya zan yi da ita?

Malama Maman Abba, Angwan Rogo

Ki ba ta nata. Tsohon littafin da aka gama da shi da guntun fensir, ko gawayi da bayan tire, ki ce ita ma aikinta ke nan, in an gama ki duba nata kamar yadda kika duba na yayyenta. Ki zaunar da ita ta gefenki, ba tsakaninsu ba. In ta gaji ta tashi, ki ƙyale ta.